Saƙon Gyaran Mota da Na Kira Damfara

Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karatu. A lokacin da abin da zan ba da labarinsa ya faru, shekarata biyu da yin ritaya daga aikin koyarwa, bayan shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, goman ƙarshe a kujerar firinsifal. Ina zaune a unguwar Romi a Kaduna ni da matata, yara duk sun watse neman na kansu. Da za a tambayi mutanen unguwarmu wane irin mutum ne ni, da sun ce mutumin da ba a yi masa wayo. Wannan suna ban gaje shi ba, aiki na yi masa. Duk wanda ya yi shekaru yana karanta takardar uzuri da ɗalibi ya rubuta da hannun hagu ya sa hannu da sunan ubansa, dole idonsa ya buɗe. Bayan ritaya sai maƙwabta suka mai da barandata ofishi. Wannan ya zo da saƙon waya wai ya ci gasar da bai taɓa shiga ba, waccan ta zo da na wani da ke cewa shi ma'aikacin banki ne. In saka tabarau, in karanta, in yanke hukunci, su tafi suna godiya. Ban taɓa kuskure ba, kuma nan matsalar take, domin a hankali na daina bincike, hukuncin kawai nake yankewa. Da wannan hali na kusa kashe mata goma sha takwas a safiya ɗaya, har da wadda na aura.

Motata a-kori-kura ce, na saye ta a hannun wata ƙungiyar agaji da ke rufe ofishinta a Kaduna. Su sabuwa suka saye ta a wurin wakilin kamfanin, kuma da suka sayar mini sai jami'insu, wani mutum mai son tsari, ya rubuta sunana da lambar wayata ya aika wa wakilin a matsayin sabon mai mota. Ta zo da ƙugiyar ja a baya, da soket ɗin da ake jona fitilun abin da ake ja. Wani mai walda a Kakuri ya ƙera mini ƙaramar tirela mai ƙafa biyu, mai wayarin ya haɗa mata fitilu. Mutanen unguwa suka sa mata suna amalanken Firinsifal. Da ita nake kawo hatsi da citta daga ƙauye, da ita kuma nake ɗaukar rumfuna da kujerun cocinmu idan ana biki ko rasuwa. Ina da doka: ba na fita da ita sai an gwada fitilu. Matata za ta tsaya a baya da zaninta na aikin gida, in taka birki ta ce ya kama, in sa siginar hagu ta ce ya kama, in sa ta dama ta ce ya kama, Malam, a bar ni in koma kan tukunyata. Shekara biyu muna wannan faretin, ba rana ɗaya da fitilun suka faɗi jarrabawa.

Wata rana saƙo ya shigo wayata. Wai daga wakilin kamfanin motar, wai an gano matsala a irin motata, a kawo ta a gyara kyauta. Na karanta har kalmar kyauta na ajiye waya na ci gaba da shan koko. Bayan kwana biyu wata yarinya mai ladabin murya ta kira. Ta faɗi sunana daidai, ta faɗi irin motar da launinta. Maimakon wannan ya sa in saurara, sai na ce a raina waɗannan sun yi aikin gida. Ta yi mini bayani a natse, cewa akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin bayan motar da ke aika wuta zuwa fitilun tirela, kamfanin ya gano cewa idan ruwa ya shige shi ana cikin tafiya yakan yanke wutar, fitilar birki da sigina na tirela su mutu, direba kuma ba zai ga alamar komai a gabansa ba. Ta ce kamfanin yana kiran duk masu irin motar su kawo a canja akwatin. Sannan ta nemi in karanta mata lambar jikin motar don ta tabbatar. Nan na gyara zama. Na tambaye ta a wace makaranta ta yi, da ko iyayenta sun san irin aikin da take yi. Na ce mata shekarata sittin da wani abu a ƙasar nan ban taɓa ganin wanda ya sayar da kaya ya dawo yana roƙo a bar shi ya gyara kyauta ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce ta gane, Baba, in ban yarda da ita ba in nemi lambar ofishinsu da kaina in kira, amma don Allah kafin nan kada in ja komai da motar. Na ce na gode da darasi, na kashe, na toshe lambar.

Da a nan na tsaya da sauƙi. A makon nan zumuntar maza ta cocinmu a Sabon Tasha ta ba ni minti ashirin in yi magana a kan hanyoyin gane 'yan damfara. Na yi minti arba'in. Na karanta saƙon nan da ƙarfi, layi bayan layi, yadda nake karanta rubutun ɗalibi malalaci a gaban aji. Na ce su lura da yadda ake fara tsorata mutum, sannan a lallashe shi da kyauta, sannan a nemi lambar motarsa don a haɗa takardun bogi. Aka yi dariya, aka yi tafi. Wani dattijo ya ce Allah ya bar mana Firinsifal, in ba don shi ba da an sayar da mu tun tuni.

Mutum ɗaya ne bai tafa ba da ya ji labarin, makanikena, wani Inyamuri da ke da gareji a Kakuri, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yana. Na kai motar juyen mai na ba shi labarin ina jiran yabo. Ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu, ya ce Oga Firinsifal, nawa yarinyar ta ce ka turo? Na ce ba ta kai wurin ba tukuna. Ya ce to ɓarawon da ya ce ka je ka nemi lambar ofishinsa da kanka, wannan ɓarawo yana bukatar komawa makaranta. Ya ce in ba shi dama ya kira wakilin ya tambaya, minti biyar ne. Ni kuma a ranar tirelar tana jone, sai na ce ya tsaya a baya. Na taka birki, ja ta kama. Na sa sigina, ta kama. Na leƙo ta taga ina kallonsa yadda ake kallon wanda aka kayar a muhawara. Ya yi dariya ya ce ai ko ɗalibanka ma tsit suke yi idan kana tsaye a bakin taga, sai ka juya baya za ka san halinsu. Na ce masa ya riƙe sifanarsa ta kwance noti, ni in riƙe ilimi. Ya ce to, Oga, Allah ya kiyaye hanya. Ban taɓa jin an faɗi wannan addu'a da irin wannan muryar ba, amma ban tsaya tunani a kanta ba.

A tsakiyar damina wani dattijon cocinmu ya rasu. Kamar yadda muka saba, gida za a kai shi, ƙauyensu can gaba da Kachia, a kwantar da shi kusa da iyayensa. Aka tsara ayari: motar gawa a gaba, sai ta iyali, sai ta Fasto, sai ni da rumfuna da kujeru da janareta, sai bas ɗin hayar da ta ɗauki matan zumunta a bayana. Na yi lodi da kaina, na jera kujerun roba har suka fi tsayin motar, aka rufe da tamfol da ya sauko ta ko'ina. Wannan lodi ya rufe fitilun motar kanta gaba ɗaya, wanda ke bayana ba abin da zai gani sai na tirela. Na san haka. Shi ya sa da safe, a ƙarƙashin rumfar ajiye mota, inda ko ɗigon ruwa babu, na sa matata ta tsaya a baya sanye da kayan zumunta. Duk suka kama. Na ajiye ta a coci ta shiga bas, aka ba ta kujerar gaba saboda ciwon gwiwa.

Wajen ƙarfe tara muka tashi. Ba mu gama fita daga cunkoson kasuwar Sabon Tasha ba hadari ya haɗu, gari ya yi duhu kamar magariba, ruwa ya sauko irin wanda waifa ba ta iya masa. Kowa ya kunna sigina biyu kamar yadda ake yi a rakiyar gawa. A gabana ƙaramar kibiyar nan tana ƙyaf-ƙyaf, tana ƙara tik-tik, komai lafiya. Abin da ya faru a bayana daga baya aka ba ni labari. Matan suna waƙa ana buga tulu, irin tulun kiɗan nan da ake bugun bakinsa da soso. Matata, wadda ta fi kowa a duniya sanin fitilun nan, ta ga sun yi fari-fari sau biyu sun ɗauke. Ta jira in taka birki a wani rami, ta ga tirelar ta rage gudu ba ja ko ɗaya. Ta kira wayata. Wayata tana cikin aljihun mota a kashe, domin ina da wata dokar kuma: ba na amsa waya ina tuƙi, kuma na sha yi wa mutane wa'azi a kan haka. Sai ta taɓa direban ta ce ɗana, fitilun mijina sun mutu, ka ja baya. Direban, wani magidanci ɗan shekara arba'in da ban taɓa gani ba sai ranar, ya rage gudu ya bar tazara. Matan baya suka fara yi masa tsiya, wai ko tsoron ruwa yake kamar akuya, wai in ya ci gaba haka sai an gama binne Baba su isa. Shi kuwa direban ya yi ta kunna mini fitila yana kashewa, yana danna hon. Na gani a madubi. Na ce a raina ga shi nan, yaran zamani, ko gawa ake rakiya sai sun yi gaggawa. Na ci gaba da tafiyata cike da jin daɗin cewa ina koya wa wani haƙuri.

Daidai wajen Unguwar Boro ruwa ya haye titi. Motar Fasto ta faɗa wani rami da ruwan ya ɓoye, ta tsaya cak. Na taka birki da dukan ƙarfina. Ni na tsaya lafiya, saura ɗan taku kaɗan. Direban bas bai ga ja ba, bai ga komai ba sai tamfol yana ƙara girma a gilashinsa. A hagunsa tankar mai ce, a damansa lambatu. Tazarar da ya bari ita ta ba shi daƙiƙar da ya yi zaɓi a cikinta, ya zaɓi lambatu. Na ji an daki kusurwar tirela, motata ta girgiza, kujeru suka yi sama suka zubo. Da na fito sai na ga bas ɗin ta kwanta a gefe, ƙafafunta biyu a cikin lambatu, biyu a sama suna juyawa. Waƙa ta tsaya. Na yi shekaru ina roƙon ɗalibai su yi shiru, ban san abin da shiru yake ba sai ranar. Mata goma sha takwas na zumunta a wuri ɗaya, ba wadda ta ce uffan. Ban san tsawon lokacin ba. Sai wata murya daga ciki ta ce Yesu na gode, wata kuma ta ce wa maƙwabciyarta ta ɗaga mata ƙafa daga wuya tukuna kafin a yi godiyar. Wannan faɗan shi ne abu mafi daɗi da kunnena ya taɓa ji.

Mutanen wurin suka fito cikin ruwan, masu shago da masu keke, Kirista da Musulmi, ba wanda ya tambayi ko su wane ne mu. Aka zaro matan ɗaya bayan ɗaya ta taga. Muka ƙirga, goma sha takwas, kowacce a tsaye da ƙafarta. Matata ta tsage a goshi. Mai buga tulun, wata gwauruwa mai sayar da masa, ta karye a wuyan hannun dama, tulun ya farfashe a cinyarta. Na je wurin matata ina neman abin faɗa. Ta dube ni jini yana gangarowa ta gefen idonta, ta ce bai kama ba, Malam.

Abin da ya fi ba ni kunya ya biyo baya. Jama'a suka yi wa direban caa. Kowa ya san dokar titi a ƙasar nan, wanda ya bugi mota daga baya shi ke da laifi. Wani ya ce barci yake, wani ya ce ya sha wani abu, wani daga cikin mazan cocinmu ya kama masa riga. Ni ina tsaye, ina jin maganar yarinyar nan tana dawo mini kalma bayan kalma, ruwa, tafiya, ba alamar komai a gaban direba, kuma na yi shiru. Minti biyu ne ko uku, amma na yi su. Shi direban bai zagi kowa ba. Ya zare rigarsa daga hannun mutumin, ya zo wurina ya ce Baba, don Allah shiga ka taka birki, Fasto ya tsaya a baya ya gani. Na shiga na taka. Fasto ya ce in taka mana. Na ce ai ƙafata tana kai. Daga nan na fito na faɗi komai a tsakiyar titi, ruwa yana dukana: an gargaɗe ni, an roƙe ni kada in ja komai, ni na ƙi. Wasu daga cikin mazan da ke tsaye a wurin su ne suka yi mini tafi ranar da na karanta saƙon. Ba wanda ya dubi fuskar wani. Aka kai masu rauni asibiti, aka nemo wata bas, aka kwashe kujeru a wata motar. Marigayin, wanda bai taɓa makara sujada ba a iya sanina, na sa ya makara jana'izarsa da awa uku. Da na je ba matarsa haƙuri, sai ta riƙe hannuna ta ce kabari ɗaya aka haƙa a ƙauye, mu gode wa Ubangiji da ɗaya ya isa.

Ranar Litinin na nemi lambar wakilin kamfanin da kaina na kira. Aka haɗa ni da yarinyar. Na shirya dogon jawabin ban haƙuri, amma da ta ji abin da ya faru tambayar farko da ta yi ita ce ko an rasa rai. Da na ce a'a sai na ji ta sauke numfashi. Ta ce ba ni kaɗai ba ne na zage ta a kan wannan kira, wasu har da iyayenta suke haɗawa, ni dai tambayoyi kawai na yi mata. Makanikena ya raka ni kai motar, kuma duk tsawon hanya bai ce ai na faɗa maka ba ko sau ɗaya, sai labarin ƙwallo yake ba ni, ni da ban san komai a ƙwallo ba. Gyaran bai kai awa biyu ba. Suka nuna mini tsohon akwatin, bai fi tafin hannu ba, cikinsa ya yi kore da tsatsa. Lahadin da ta biyo baya na nemi minti biyar a zumuntar maza, wannan karon minti biyar ɗin na yi. Wannan dattijon da ya yaba mini a baya ya ce to yanzu wa zai riƙa duba musu saƙo? Na ce su kawo, amma tare za mu kira mu tambaya.

Ba don in ce a yarda da kowane saƙo na rubuto wannan ba. 'Yan damfara suna nan, kuma sun yi mana ɓarnar da ta fi ta kuɗi, sun sa mun daina gane mai gaskiya idan ya zo. Amma tsakanin yarda da ƙi akwai bincike, kuma ni da na koyar da shi shekara da shekaru ban yi shi ba a ranar da ake bukata. Idan aka ce maka kamfani yana kiran irin motarka, kada ka tura ko kwabo, kada kuma ka toshe lamba ka kwanta. Nemi ofishinsu ta hanyar da ka amince da ita, ka ba su lambar jikin motar, ka tambaya. Idan motar hannu ka saya, wannan ya fi zama dole a kanka, domin wataƙila wasiƙar tana can tana neman mai ita na farko. Idan kana jan wani abu, kada lodi ya rufe fitilun motarka, kuma kada gwajin ƙofar gida ya ishe ka, tsaya a hanya bayan an yi tafiya, musamman cikin ruwa, a sake dubawa. Idan na baya ya dame ka da hon, ka tsaya ka ji, domin shi yake ganin abin da kai ba za ka taɓa gani ba daga kujerarka. Fitilar baya ba don mai mota aka yi ta ba, don waɗanda suka amince suka bi bayansa ne.

Ina godiya ga Allah, ga matata, ga direban da nake zuwa gaishe shi a tasha duk lokacin da na bi ta Sabon Tasha, yana jin kunya yana cewa Baba ai aikina ne. Mai tulun kuwa ta yi wata huɗu ba ta soya masa ba, ba ta yi kiɗa ba. Na je gidanta sau da yawa, kullum sai ta ce Firinsifal ya isa haka, in ina son in yi wani abu in zauna in ci masar 'yarta in faɗi gaskiya ko ta kai tata. Hannun ya warke amma bai koma daidai ba, da hagu take bugawa yanzu. Kowace Lahadi idan matan suka tashi waƙa, bugunta yana ɗan makara kaɗan a bayan na sauran. Ba na jin akwai wanda ya lura a cikin cocin nan. Ni ina jinsa daga farkon waƙa har ƙarshe, kuma duk da nauyin da yake sa mini a ƙirji, ban taɓa fatan ya yi shiru ba.